Ramukan Jan Ƙyalle: Shafi na 17

Masu cika mini akwatin saƙo tun ranar Talata, ga shi nan. Baiwar Allahn da ta rubuto sau shida tana cewa an zalunci Munzir, ki nemi wuri ki zauna, yau ranarki ce.

*

Shekara biyu Zuwaina bint Khalfan tana aiki a bakin tekun Sidra, amma ba ta taɓa ganin wurin da azahar ba. Ba laifinta ba ne. Uwar kunkurun teku da dare take fitowa ta haƙa rami ta zuba ƙwai, saboda haka mai bincikenta ma da dare yake fita, ya koma gida da hantsi, ya yi barci kamar gawa har la'asar. Da za a naɗe bakin tekun nan kamar tabarma da ƙarfe goma sha biyu a sake shimfiɗa shi da ƙarfe uku, babu masanin da zai sani.

Yau barcin ne ya ƙi zuwa. Da la'asar Dakta Asila, malamar da ke kula da bincikenta, za ta iso daga babban birni Maskat tare da wani farfesa daga Ostareliya. Mutumin yana so ya ga wurin da idonsa kafin ya sa hannu a takardar da za ta ba Zuwaina gurbin digiri na uku a jami'arsu. Sai ta ce bari ta je ta duba sandunan da ta kakkafa a kan ramukan, kada iska ta karkatar da wata a ji kunya gaban baƙo.

Sandunan suna tsaye ƙyam. Sai dai kowace sanda mai jan ƙyalle, wato tata, an yi mata rumfa.

'Yan rumfuna ne na ganyen dabino, tsayinsu bai wuce gwiwa ba, a jere har ƙarshen yashin kamar kasuwar aljanu. A ƙarƙashin kowace, yashi ya yi duhu saboda ruwa. Sanduna masu shuɗin ƙyalle kuwa, waɗanda abokin aikinta Munzir ya bari da aka cire shi daga aikin, suna nan a tsakaninsu cikin rana, ba mai tambayar lafiyarsu.

Can kan dutse ga motar a-kori-kura ta babanta da tankin ruwa a baya. Ga kuma baban nata, ya tattare zanensa zuwa gwiwa, ya sunkuya da bokiti.

"Baba."

Khalfan ya ɗago. Bai razana ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in a cikin kwalekwale ba ya razana a tudu. Ya ƙarasa juye bokitin a hankali, yana zagayawa da shi.

"Ba ki yi barci ba," ya ce.

"Me kake yi?"

"Ranar yau ba ta da kirki. Je ki mota, akwai inuwa."

"Baba, me kake yi wa ramukana?"

"Ruwa nake ba su."

"Na ga ruwa kake ba su."

"To me kike tambaya?"

Zuwaina ta zauna daɓas a kan yashi. Yashin ya ƙona ta, amma ba ta tashi ba.

Ga wanda ya shigo mana a tsakiya, abin a taƙaice yake. Zafin yashi ne yake yanke hukunci a kan abin da ke cikin ƙwan kunkuru. In ya haura digiri ashirin da tara, mata za a ƙyanƙyashe. In ya yi ƙasa, maza. In ya yi yawa ƙwarai, ba kowa. Gaɓar tekun duk ta yi zafi, mata ake ta fitarwa kamar ana rabon su. Sai ga 'yan ma'aunan zafin da Zuwaina take binnewa tare da ƙwan, kowane bai fi dabino girma ba, suna nuna cewa yashin Sidra sanyi gare shi, kuma maza suna fita. Ta rubuta shafi casa'in a kan haka. Ma'aunan Munzir kuwa, taku biyu daga nata, suna nuna digiri talatin da biyu. Dole ɗaya ya yi kuskure. Zuwaina ta rubuta wa Dakta Asila cewa Munzir ba ya binne nasa da zurfi. Aka yarda da ita, domin labarinta ya fi daɗi. Yau wata guda ke nan Munzir yana kasuwar kifi a Maskat yana auna tsawon sardin.

"Tun yaushe?" ta ce.

Khalfan ya kifa bokitin ya zauna a kai.

"Kin tuna shekararki ta farko, ramin nan na gindin dutse da kika tono?"

Ta tuna. Ƙwai ɗari da goma, duk sun dahu a cikin ɓawonsu.

"Kika dawo gida kika ƙi cin abinci. Kina cikin kicin kina gaya wa uwarki zafi ne yake kashe su, nan da shekara hamsin babu kunkuru. Kina kuka har da majina."

"Ba ka nan."

"Ina bayan ƙofa."

"Baba."

"To washegari na fara. Dashen dabino in rana ta yi masa yawa, me ake yi? A yi masa rumfa a ba shi ruwa. Ni ban yi jami'a ba, amma ban taɓa kashe dashe ba. Tambayi duk Sidra."

"Ruwan teku kake zuba musu?"

Ya kalle ta kamar ta zage shi.

"Ruwan gishiri a kan ƙwai? Ke da karatunki? Na rijiyar gona ne. Ruwan da nake hana lemun tsamin uwarki, har tana cewa na tsufa na manta da shi."

"Bokiti nawa?"

"Huɗu kowane rami. In rana ta haukace, biyar."

"Kullum?"

"Kullum. Ban da Juma'a."

Nan ne Zuwaina ta tuna wani abu. A jadawalinta akwai wani ɗan tudu da yake fitowa duk ranar Asabar, zafin ya ɗan tashi kaɗan ya sake sauka. Ta ba shi shafi uku. Ta danganta shi da cikar teku da janyewarsa, ta kafa hujja da masana bakwai, biyu daga cikinsu Jamusawa. Ranar da ta gabatar da shi a sashensu na jami'a, Munzir ya ɗaga hannu daga kujerar baya ya ce, "Wane irin teku ne wannan mai hutun Juma'a?" Aka yi dariya. Ita ma ta yi, ta ce hassada ga mai rabo taki ce. Har Dakta Asila sai da ta rufe baki da mayafi.

"Na Munzir fa?" ta ce. "Me ya hana ka ba su?"

"Tankina ɗaya, 'yata ɗaya."

"Ƙwan ai duk na kunkuru ne."

"Shi ma yaron yana da uba."

"Babansa can nesa a garin Nizwa yake, Baba!"

"To ni na kai shi Nizwa?"

Ta dafe kai da hannu biyu.

"Me ya sa ka ɓoye mini?"

Khalfan ya yi nuni da haɓa. A bakin hanya akwai allo, fari da ja, mai cewa an haramta taɓa ramukan kunkuru ko kusantarsu. Ita ta rubuta kalmomin. Shi ya haƙa wa allon rami ya zuba siminti.

"Ke ce kika yi wata guda kina gaishe ni da rabin baki, don kawai na ce muna yara mukan soya ƙwan da albasa. Da na ce miki zan taɓa ramin, me za ki ce?"

"Zan ce kada ka taɓa."

"Yauwa. Shi ya sa ban tambaya ba. Ƙarfe uku nake kwashe rumfunan in share sawuna da ganye. Kafin ki farka saman yashin ya bushe. Motar kuma a kan dutse nake ajiye ta, kada taya ta bar sawu." Ya faɗi wannan da ɗan alfahari. "Shekara biyu. Ke da na'urorinki."

Ya dube ta da kyau.

"Sun mutu ne? Ruwan ya yi musu illa?"

"A'a. Sun fita. Sun fi na ko'ina fita."

"Mazan da kike nema, an samu?"

"An samu."

"To ina matsalar?"

"Matsalar ita ce na rubuta wa duniya cewa haka Allah ya yi yashin nan da sanyi."

"To ruwan wa ya ba ni?"

Zuwaina ta miƙe tana karkaɗe yashi.

"Ajiye bokitin. Kada ka cire komai. Mu je gida."

"Saura biyar ban ba su ba."

"Baba, don Allah."

Ya ɗauki bokitin ya nufi mota, yana waiwayen ramuka biyar ɗin kamar wanda ya bar baƙi ba gahawa.

*

Ghaliya, mahaifiyarta, ta riga ta shimfiɗa leda a tsakar ɗaki ta ajiye tiren shinkafa da kifi. Ta ga sun shigo tare, ɗaya na bin ɗaya, ƙafafunsu duk yashi. Ta dubi 'yar, ta dubi mijin.

"Ta kama ka."

"Ta kama ni."

"Ban ce maka yau ka zauna ba, Abu Hamad? Ban ce ranar baƙi ba a zuwa ba? Ka ce rana ta yi zafi. To ga zafi."

Zuwaina ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ummi, kin sani?"

"Wanke hannu ki zauna."

"Kin sani?"

"Bara da bayansa ya riƙe ya kwanta kwana goma sha biyu, wa kike tsammani ya je?"

"Ba ki iya mota ba."

"Da azahar kowa ya iya mota. Titin ba kowa sai awaki, su kuma suna da hankali, suna kaucewa."

Khalfan ya zauna ya fara ɓare kifi, ya zama kurma. Dabara ce da ya ƙware a kanta tun kafin a haifi Zuwaina.

"Zauna," in ji Ghaliya. "Ba a yin fushi da shinkafa, ita ba ta yi miki komai ba."

Zuwaina ta zauna. Ba ta sa hannu ba.

"Kun san abin da kuka yi? Duk abin da na rubuta ƙarya ne."

"Ke kika zuba ruwan?"

"A'a."

"Kin san ana zubawa?"

"A'a."

"To ba ki yi ƙarya ba. Limamin Sidra ma haka zai ce miki."

"Jiya ban yi ba. Yau na sani. In na karɓi takardar nan yau, na yi."

Ghaliya ta matsa lemun tsami a kan kifin, ta tura wa 'yar wajen da ya fi tsoka.

"Saurara. Wa ya sani? Ni, ke, ubanki. Kunkuru ba ya magana. Yashi ba ya magana. Ubanki kuwa shekara talatin da biyar ina fama ya yi magana ban ci nasara ba. Ki ci abinci, ki yi wanka, in turara miki kaya da luban, ki je ki karɓi takardarki. In kin isa can kin zama dakta, ki gyara abin da za ki gyara."

"Munzir fa?"

"Me ya same shi? An kore shi ne? Yana aiki. Sardin ma halittar Allah ce."

"Na rubuta cewa bai iya aiki ba. Da sunana a ƙasa."

"Namiji ne, zai manta."

"Ba zai manta ba, Ummi. Ni ma da ni ce ba zan manta ba."

Ghaliya ta ajiye lemun. Muryarta ta sauka.

"Shekara shida ina jin magana a garin nan. 'Yar Ghaliya ta gama jami'a ta ƙare a ƙirga ƙwai. 'Yar Ghaliya tana kwana a bakin teku kamar ƙaguwa. A gidan biki, a gidan rasuwa, har a layin asibiti. Na haɗiye. Da maganar Ostareliya ta fito, na bi su gida-gida. Gwaggonki Jokha har sai da ta shaƙe da alewar halwa. Yanzu so kike in koma in ce musu me? Ubanta ne ya jiƙa mata digirin da bokiti?"

Khalfan ya yi tari. Kurmancin bai kai ƙarfin dariyar ba.

"Kai kuma yi mini shiru."

"Ban ce komai ba."

"Shi ne aikinka."

Zuwaina ta ɗebi shinkafa ta dunƙula, ta riƙe a hannu.

"In na tafi, wasu za su zo su ci gaba da aunawa. Za a rubuta a takardun hukuma cewa Sidra ba ya buƙatar komai, yashinsa ya isar masa. Ranar da ruwan ya tsaya, ƙwan su dahu, ba wanda zai san dalili."

"Ruwan ba zai tsaya ba. Ubanki zai ci gaba."

"Har shekara huɗun da zan yi a can?"

"Ko goma."

Khalfan ya zare ƙaya daga bakinsa ya ajiye a gefen tire.

"Bayana ba zai kai huɗu ba, Ghaliya."

Fanka tana ta juyawa a sama. Ghaliya ta dubi mijin kamar yau ta fara ganin yadda yake dafa ƙasa kafin ya zauna, sannan ta kawar da kai.

"Ki ci abinci," ta ce, a hankali wannan karon.

Zuwaina ta mayar da dunƙulen shinkafar cikin tire, ta ajiye makullin motarta a kan taga, ta shige ɗakinta.

*

Akwatin yana nan a buɗe a kan gado. A sama ga rigar sanyin da ƙanenta Hamad ya sayo mata a Dubai, mai kauri kamar katifa, wadda ta gwada sau ɗaya a gaban na'urar sanyaya ɗaki. Ta zauna kusa da ita.

Kada wani ya ce ba ta yi tunani ba. Ta yi. Tun tana aji uku na sakandare, ranar da ta ga ɗan kunkuru ya ɓata hanya ya nufi fitilar gidan mai maimakon teku, take bin wannan hanyar. Ta yi jarrabawar Turanci sau uku. Ta yi asarar farce biyu a bakin uwar kunkuru. Kuma abin da ake nema daga gare ta yau ba wani aiki ba ne. Kawai dai ta yi shiru na awa biyu, ta yi murmushi, ta nuna wa baƙo yashi busasshe. Ta san malamai a sashensu da suka yi shiru na shekara ashirin a kan abin da ya fi wannan, kuma yanzu suna da wurin ajiye mota mai rumfa.

Ta buɗe kwamfuta ta nemo jadawalin. Ga tudun Asabar nan, sati bayan sati, a jere kamar sahun masallaci.

Ta ɗauki waya. Lambar Munzir tana nan, ta taɓa sauya sunan zuwa "Sardin" wata rana da take jin kanta. Ta danna.

Ya ɗauka a ƙara ta biyu.

"Munzir, ni ce. Kada ka kashe. Ka yi gaskiya, ni ce na..."

"Zuwaina, dakata."

"A'a, bari in gama, in na tsaya ba zan iya..."

"Na ce dakata. Tuƙi nake. Direban sashe ba shi da lafiya, ni kuma na san hanya, sai aka tuna da ni. Wayar tana haɗe da mota. Dakta tana gefena, baƙo yana baya. Duk abin da kika faɗa, mu uku za mu ji. In maganar ba ta gaggawa ba ce, ki kira ni gobe."

Ya buɗe mata ƙofa ke nan. Mutumin da ta tura kasuwar kifi. Ta ji ƙarar taya a kan kwalta, ta ji Dakta Asila tana gyaran murya.

A bayan ƙofar ɗakin kuma ta ji motsin silifa. A gidan nan kowa ta bayan ƙofa yake karatu.

"To madalla," in ji Zuwaina. "An rage mini kira ɗaya. Dakta, ina wuni."

"Lafiya lau. Ina jin ki."

Ta faɗa. Rumfuna, rijiya, bokiti huɗu, Juma'a. Bai kai minti uku ba. Abin da ta gina a shekara biyu, ashe minti uku ya isa a sauke shi, har da canji.

Silifan da ke bayan ƙofa suka yi gaba da sauri.

Sai Munzir ya ce, a hankali, kamar mai karanta alamar hanya:

"Ashe dai tekun yana zuwa masallaci."

"Munzir, ka yi haƙuri. Ma'aunanka daidai suke. Ni ce..."

"Tsaya a gefen titi," in ji Dakta Asila.

Zuwaina ta ji motar ta tsaya. Ta ji baƙon yana tambayar abin da ke faruwa, Dakta tana mayar masa da Turanci, gajere-gajere, kamar mai yanka albasa. Sai baƙon ya yi wata irin ƙara. Zuwaina ta ɗauka tari ne. Dariya ce. Ya yi tambaya.

"Yana so ya san rami nawa aka shayar," in ji Dakta.

"Talatin da takwas bana. Bara arba'in da ɗaya."

"Waɗanda ba a shayar ba?"

"Talatin da biyar," in ji Munzir. "Bara arba'in. Alƙaluman suna nan. Ban goge ba, ko da aka ce in goge."

Aka sake Turanci, wannan karon mai tsawo. Zuwaina tana tsintar kalma ɗaya-ɗaya, sauran na wuce ta.

Dakta Asila ta dawo. Muryarta ba zafi ba sanyi, kuma duk ɗalibin da ya zauna a ajinta ya san wannan ce mafi hatsari.

"Zuwaina, wata guda da ya wuce kin rubuto mini cewa Munzir bai iya binne ma'auni ba. Na yarda, na sa hannu. Yau kin ce mahaifinki ne da bokiti. Baki ɗaya, magana biyu. Ba zan sake sa hannu a kan abin da ban gani ba."

"Na gane, Dakta."

"Ba ki gane ba, ki saurara. Binciken da aka gayyace ki a kansa ya mutu, wannan babu ja. Amma baƙon ya ce rami saba'in da tara da aka shayar, a gefen saba'in da biyar da ba a shayar ba, a yashi ɗaya, shekara biyu a jere, abu ne da sashensu ya daɗe yana neman wanda zai yi. In gaskiya ne. Yana so ya ga rumfunan a kan ramukan, ya sa hannu ya ji danshin yashin, ya yi magana da mai bokitin. In ya gani, za mu zauna mu rubuta sabon bincike, da sunanki da na Munzir, kuma nasa ne zai zo farko."

"Na yarda."

"Ban tambaye ki ba. In kuma muka zo muka tarar da yashi busasshe da sanduna, to abin da ke hannuna shi ne ɗalibar da alƙalumanta suka fara ba ta tsoro ta ƙirƙiro tatsuniya. Jirginsa yau zai tashi. Abin da idonsa ya gani, da shi zai tafi. Kada a taɓa ko ganye ɗaya."

"Ba za a taɓa ba. Na ce wa Baba..."

"Mun wuce garin Kurayyat. Minti hamsin."

Aka kashe.

Zuwaina ta fito da gudu, ɗankwali a hannu.

"Baba! Baba, tashi mu koma, suna so su gan ka!"

Tiren yana nan, an rufe shi da wani tire. Wurin zaman Khalfan ba kowa. Ta leƙa waje. Inda a-kori-kurar take tsayawa babu komai sai ɗigon ruwan tanki, ya yi layi ya fita ta ƙofar gida.

Ghaliya tana zaune ta jingina da bango, tana zuba wa kanta gahawa.

"Ummi, ina Baba?"

"Na aike shi."

"Ina?"

"Ya kwashe tarkacensa ya cinna musu wuta a bayan dutse, ya share wurin tas. Na ce masa in baƙon nan ya ga rumfa ɗaya, 'yarsa ta tashi a tutar babu. Ko hula bai tsaya ɗauka ba." Ta kurɓi gahawa. "Kin faɗi taki, na ji farkonta. To baki ne kawai. Ba shaida, ba laifi. Dole a samu mai hankali ɗaya a gidan nan."

"Ummi, ba ki ji ƙarshen ba! Rumfunan suke so su gani!"

"Haka za su ce miki."

Zuwaina ta danna lambar babanta. Wayar ta yi ƙara a nan cikin ɗakin, a kan tabarma, kusa da kwanon dabino.

Ta juya wajen taga. Makullin motarta ba ya nan.

Kilomita bakwai ne daga gidan zuwa bakin teku.

"Ummi. Makullina."

Ghaliya ta ajiye kofin, ta dafa ƙirjinta daidai inda wani ƙarfe ya ɗan turo riga.

"Yana nan," ta ce. "Zo ki ɗauka, in na haife ki ne don haka."